Hotunan da Suka Ƙi Tsallake Bango

Ummi, Mustafa, na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa uwarku mai ɗaukar hoto ce, ubanku mai ɗaukar hoto ne, amma duk gidan nan babu hoton ubanku sai wani ɗan fasfo da hatimi ya cinye rabin fuskarsa. Kun kuma riga kun yanke hukunci cewa baffanku Alhaji Sale ne ya kwashe komai ya kai Gashuwa ya watsar. Kai Mustafa har ka ƙi zuwa jana'izarsa, ka fake da aiki, sai ka ce ban san ba ka zuwa ofis ranar Asabar ba. To ku zauna ku karanta. Ba zan cika ku da labarin makarantun da na yi ba, ba su da yawa kuma ba su da daɗi. Shekarar da na yi takaba kawai zan ba ku, domin a cikinta hotunan suka tafi, kuma ina tsaye ina kallo suka tafi.

Gidanmu na Nguru kun san shi, amma ba ku san yadda yake a lokacin ba. Kakanku ya taso daga Haɗeja da fataucin busasshen kifi, ya gina gidan a bayan tashar jirgi, ya fitar da shago ɗaya a jikin zaure. Da ya rasu shagon ya zauna a hannun Yaya Alhaji, baffan naku, shi kuma ya danƙa wa ƙaninsa, wato babanku, da ya dawo daga karatu a Kano kansa cike da kwamfuta. Kayan aikin duk na Yaya ne, babanku ilimi da hannu ya kawo. Ana buga takardu, ana ɗaukar fasfo, ana wanke hoton biki. Ni kuwa da aka kawo ni gidan ko inda ake danna kyamara ban sani ba. Shi ya koya mini, kuma kada ku ɗauka soyayya ce zalla, lura ya yi rabin garin a kulle yake, namiji ba ya shiga. Sai ni nake saka hijabi in shiga gidajen 'yan kasuwa, in ɗauki amare da masu jego da matan da suka yi sabon kitso suna son su ga kansu. A can ciki mace takan yar da mayafi, ta kwance ɗankwali, ta sa kayan da mijinta kaɗai ya san tana da su. Kafin in ɗaga kyamara kowacce sai ta tambaye ni wa zai gani, ni kuma amsata ɗaya ce kullum, cewa babu namijin da zai gani, har mijina.

Wannan alkawarin ne ya sa muke da kwamfuta biyu da ba sa jin yaren juna. Ta shago tana aiki da Windows, ita ke da firinta, kowa yana taɓa ta. Ta ɗakina kuwa babanku ya sa mata Linux, wanda ba na jin a Nguru kaf akwai mai iya shi sai shi. Yakan ce ko ɓarawo ya ɗauke ta sai dai ya mai da ita kujera. Da hannunsa ya cire mata wurin sa fulofi, ɗan faifan da ake kwafar abu da shi a lokacin, don kada wani ya kwafi komai ya fita da shi. Hanya ɗaya ya bari, wata shuɗiyar waya da ta bi ta hudar da ya yi a bangon da ya raba ɗakina da shago. A kwamfutar shago ya buɗe folda ya sa mata suna Wanki. Idan na kunna tawa sai in buɗe baƙin allo, in rubuta kalma ɗaya da ya shirya mini, haɗa, in danna. Nan take foldar shago ta bayyana a ɗakina. Ranar Juma'a, idan maza sun tafi masallaci an rufe shago, sai in zuba hotunan da za a wanke a cikin Wanki, in zagaya ta zaure in wanke su, in goge foldar tas, in rufe kowanne a ambulan. Abin da ke ƙarƙashin kalmar nan ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa cewa zo ki gani ba. Muna da ƙuruciya, mun ɗauka akwai lokaci.

Hotunansa ma a cikin tawa suke. Mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara, yana ganin na ɗaga ta zai kare fuska da hula. Sata na riƙa yi masa. Na ɗauke shi yana barci bayan azahar, kai Mustafa kana kwance a ƙirjinsa kana zubar masa da yawu a riga. Na ɗauke shi ya ɗora Ummi a tankin babur. Na ɗauke shi a bakin kogin Gashuwa yana fama da ƙayar kifi. Ban wanke ko ɗaya ba, saboda takardar hoto daga Kano take zuwa kuma ta masu aiki ce a gaba. Kullum sai ya ce namu ba sa gudu.

A shekarar da wayar hannu ta fara kamawa a garinmu, aka kira shi ɗaukar hoton suna a Gashuwa. Motar da ya shiga ta kife kafin Jajimaji. Kyamarar tana rataye a wuyansa, an kawo mini igiyarta kawai. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa. Aka rufe shago, aka kashe komai, aka yi zaman makoki, ni kuma na shiga takaba a wannan ɗakin mai huda a bango. Bayan sadakar bakwai Yaya Alhaji ya buɗe shagon da kansa, duk da bai iya komai ba sai zama da amsa gaisuwa. Ni ban kunna tawa ba sai da aka ɗauki lokaci. Ran da na kunna, abin da na nufa shi ne in wanke hotonsa ɗaya in bai wa Inna, kakarku, don ta daina zama tana shanshana hularsa. Na buɗe baƙin allo, na rubuta haɗa, na danna. Maimakon folda sai wani layin turanci ya fito. Na sake, ya sake fitowa. Da ɗan turancin da nake da shi na gane cewa an hana izini yake nufi. Na duba wurin da Wanki take bayyana, na tarar da shi wayam.

Kafin in san inda zan sa kaina, wata fitinar ta taso daga waje. Yaya ya faɗa a majalisa cewa tunda babu mai kula da kayan a Nguru, zai kwashe su ya kai Gashuwa inda yake da wani shagon. Magana ce ta gaskiya, kayansa ne. Amma a lokacin ana ta yaɗa jita-jitar cewa hotunan mata na fita daga kwamfuta su faɗa hannun samari a birni, wai ko an goge su akwai masu tono su. Sai matan da na ɗauka suka fara zuwa, kowacce da sunan ta'aziyya ta biyu. Za ta zauna, ta yi addu'a, ta jira ɗakin ya rage, sannan ta matso. Wadda ba na mantawa ita ce Yagana, matar wani dillalin hatsi, mutum mai zafin kai. Ta yi hoton ne ba da saninsa ba, gashinta a sake, don kawai ta ga yadda take kafin haihuwa ta canja ta. Ta riƙe hannuna.

"Maman Ummi, ki yafe mini, na san ba lokacin wannan magana ba ne. Amma in hoton nan ya fita, ni ma na fita daga gidan nan, kuma 'ya'yana ba za a ba ni su ba."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, abin da na faɗa mata ranar da na ɗauke ta yana nan. Ta tafi tana waiwaye. Mazan da suka san matansu sun yi hoto kuwa ba su zo wurina ba, wurin mai unguwa suka je. Aka kira Yaya, aka yi ta kai da komo, aka tsaya a kan cewa kwamfutar ɗakina ba za ta fita daga gidan da faifan ajiyarta a ciki ba. Faifan nan wani ƙarfe ne da bai fi sabulun wanki girma ba, a cikinsa komai yake zaune. Suka ce a ba ni har ranar da zan fita takaba in cire abin da yake namu, ranar kuma a fasa faifan a gaban shaidu, in rantse cewa shi ne, babu wani. Na roƙi a bar shi a hannuna in ɓoye. Mai unguwa ya aiko cewa ba amanata ake shakka ba, amma ni yarinya ce, gobe zan iya yin wani auren, jibi zan iya mutuwa, akwati kuwa ba ya rantsuwa. Na ji haushin maganar ƙwarai, kuma na san bai yi ƙarya ba.

Yaya ne ya nemo mai gyara, wannan ma ku rubuta a ranku. Malam Bukar sunansa, Babarbare ne mazaunin Gashuwa, mutum mai sanyin murya da haƙuri. Yakan biyo motar 'yan kifi ranar kasuwar Nguru, ya iso yana ƙarnin kayan da ya zauna a kai. Tun ranar farko ya faɗa wa Yaya gaskiya cewa shi Windows ya sani, Linux sau ɗaya ya taɓa ganinsa a wurin wani. Kuma ga shi ba zai shigo ɗakina ba, ina takaba, ba muharramina ba ne, ko da ma ba na takaba, ba zan bar namiji ya zauna gaban wannan allon ba. Sai aka faɗaɗa hudar bangon kaɗan. Shi yana zaune a shago gaban tasa, ni ina ɗaki gaban tawa, Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofata tana jan carbi, don kada a ce an ji muryar mai takaba da baƙo babu kowa. Ya faɗo mini harafi ɗaya ɗaya ta hudar, in danna, in karanta masa abin da allo ya ce, shi ma harafi ɗaya ɗaya. Fuskar mutumin nan ban gan ta ba sai bayan komai ya wuce.

Da waya muka fara. Ya ce in duba bayan kwamfutar ko ƙaramar fitilar da ke wurin shigar wayar tana ƙiftawa. Tana ƙiftawa. Duk da haka ya zo da sabuwar waya muka zura ta hudar, babu abin da ya canja. Ya ce kowace kwamfuta tana da lambarta kamar lambar gida, ya sa na nemo tawa na karanta masa, ya gwada da tasa, ya ce layi ɗaya suke. Ya koya mini yadda zan aika sallama daga tawa zuwa tasa, sai ga amsa tana dawowa layi bayan layi. Ranar na yi murna har na tashi tsaye, Inna ta daina jan carbi. Ya ce in zauna tukuna, wannan yana nuna suna jin juna ne kawai, ba ya nuna za a buɗe ƙofa. Na rubuta haɗa, aka hana izini. Wani makon ya kashe duk wani abin tsaro da ke kan ta shago. Wani makon ya ce bai ga folda mai suna Wanki ba, ya buɗe sabuwa da wannan sunan, ya ba kowa damar shiga. An hana izini. Ya tambaye ni kalmar sirrin da marigayi yake amfani da ita, na ce ban taɓa sanin akwai ta ba. Muka gwada sunayenku, muka gwada sunan Inna, muka gwada nawa, ba mu ma san inda ya kamata a rubuta su ba. Sau da yawa muna tsaka da aiki wuta za ta ɗauke, kafin a tayar da janareto motar 'yan kifi ta fara kiran fasinja, sai kuma wani makon.

Kada ku ɗauka hanyar waya kaɗai muka bi. Ya aro filashi daga wani abokinsa, lokacin sabon abu ne, ya turo mini ta hudar, na soka, kwamfutar ta yi kamar ba a taɓa ta ba. Ya ce ita ma sai an haɗa ta da wani umarni, kuma bai san shi ba. Na ce a cire faifan a sa a ta shago ranar Juma'a in kwafa da kaina, ya ce Windows ba ta iya karanta rubutun Linux, abin da za ta fara tambaya shi ne ko a goge shi. Na aro tsohuwar kyamarar fim na ɗauki allon kansa, aka kai Kano aka wanke, abin da ya dawo baƙaƙen layuka ne da wani haske a tsakiya mai kama da mutum. Inna ta juya shi sama da ƙasa ta miƙo mini, ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Akwai wani a Kano da aka ce ya iya Linux. Kai masa faifan ba zai yiwu ba, shi kuwa ya yi alkawarin zuwa sau biyu, sau biyun bai zo ba. A waya ya yi ƙoƙarin yi wa Malam Bukar bayani, layin yana yankewa, abin da ya iso gare ni ta hudar bango guntaye ne da ba su haɗu ba.

Ni dai kullum da hantsi, ko da mai gyara ko babu, sai na kunna na rubuta haɗa. Na san amsar, amma hannuna ba ya bari. Daga nan in buɗe hotunansa in zauna. Ga shi nan a gabana, taku uku tsakaninsa da firinta, bango ɗaya, amma ya ƙi tsallakewa. Na rame a watannin nan har zanena yana zamewa, mutane suna cewa takaba ce.

Ana saura mako guda in fita, Malam Bukar ya zo, muka gwada abin da ya rage, bai yi ba. Sai ya rage murya, ya matso da bakinsa jikin hudar.

"Maman Ummi, ina da wani mataccen faifai a jakata. Kamarsu ɗaya da naki, ko ni sai na duba da kyau. Ki karɓa ki ba su wannan su fasa. Naki ki ajiye, wata rana za a samu wanda ya iya."

Na ɗauka Inna ba ta ji ba, ashe ta ji sarai. Ta ajiye carbin, ta jawo jiki har gabana, tsohuwar da ban taɓa ganin ta roƙi kowa komai ba.

"Karɓi, Zulai. Alhakin rantsuwar a kaina. Ni na haife shi, ina so in ƙara ganinsa."

Na daɗe ina kallon hudar. Ina ganin gefen faifan, ya riga ya turo shi rabi. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya tashi. Abin da ya mai da shi ba tsoron rantsuwa kaɗai ba ne, ko da yake ina tsoronta. Na tuna hannun Yagana a cikin nawa. Na ga faifan a ƙasan akwatina shekara da shekaru, na ga ranar da za a kira wanda ya iya ɗin, namiji ne, zai zauna ya buɗe, kuma kafin ya kai ga babanku sai ya bi ta kan matan mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ga ranar da zan mutu a raba kayana. Matan nan ba kwamfuta suka yarda da ita ba, ni suka yarda da ita, suka kwance kansu a gabana. Na ce wa Malam Bukar na gode, ya mai da abinsa jaka. Inna ta tashi ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗakinta. Daga ranar har ta koma ga Allah muna gaisawa, ina dafa mata, ina yi mata wanki, amma ba ta ƙara kirana da sunana ba.

Ana gobe za a fasa, da la'asar, na zaunar da ku gaban allon. Ke Ummi kin sa yatsa a fuskarsa kin ce Baba, kika tambaye ni me ya sa ba ya magana. Kai Mustafa ko zama ba ka gama iyawa ba, kana ta ƙoƙarin cin wayar linzamin kwamfutar. Na riƙe kanka na juya shi wajen hoton, na ce duba, duba da kyau, kamar jariri zai iya ajiye wani abu. Na aika a kira Inna, ta ce ba za ta zo ta yi sallama ta biyu ba. Washegari na yi wankan fita takaba, na kwance faifan da kaina kamar yadda aka koya mini ta huda, na fito da shi zaure. Mai unguwa yana nan, liman yana nan, da Yaya, da mazan da suka kai ƙara. Na dafa Alƙur'ani na rantse. An kira maƙeri daga kasuwa, ya ɗora faifan a kan uwar maƙera ya yi ta dukansa da guduma, abin ya yi taurin kai kafin ya buɗe, sannan ya jefa gutsattsarin a wuta. Yaya ya juya baya tun bugun farko. Mazan suka yi mini godiya suka watse, wani har yana cewa Allah ya yi mini albarka. Da yamma Yagana ta aiko mini da tuwo da miyar kuka, babu saƙo, na kasa ci.

Kayan suka tafi Gashuwa, Malam Bukar ya zama mai kula da shagon Yaya a can. Bayan damina ta wuce sai ga shi ya yi sallama a zaurenmu, ranar na fara ganin fuskarsa, ashe dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce mutumin Kano ya biyo ta Gashuwa a kan wata hidima, shi kuma ya zaunar da mutumin ya ba shi labarinmu tun daga farko. Mutumin bai bari ya gama ba ya tambaye shi, da sunan wa kwamfutar ciki take ƙwanƙwasa ƙofa, kuma sunan yana nan a ta shago? Ashe kalmar nan haɗa, abin da take yi shi ne ta je ta gabatar da sunan babanku da kalmar sirrinsa, ta shago ta duba ta ga ta san shi, ta buɗe. Malam Bukar kuwa tun da ya fara zuwa suna ɗaya ya tarar a ta shago, na Yaya, bai taɓa kawowa a ransa an yi wani ba. Sai ya je ya tambayi Yaya a cikin hira, ba tare da ya nuna dalili ba. Yaya ya ce ƙwarai akwai. Ya ce da ya buɗe shago bayan bakwai, duk safiya yana kunna injin abin da ke fara fitowa shi ne sunan ƙaninsa, yana jira a shiga. Ya ce kwana uku ya yi yana rufe shago yana kuka kamar yaro, a na huɗu ya roƙi wani malamin makaranta da ya zo buga takarda ya cire masa sunan ya sa nasa. Sunan ya tafi, foldar da ke ƙarƙashinsa ta bi shi. Duk watannin nan kwamfutata tana zuwa ƙofa da sunan mamaci, ana ce mata ba a san shi ba. Mutumin Kano ya ce mai da sunan da karanto kalmar sirrin daga cikin tawa aiki ne da ba zai kai a dafa shayi ba.

Na tambayi Malam Bukar ko ya gaya wa Yaya. Ya ce a'a, wurina ya fara zuwa, don ni ke da hakkin sani. Na ce to ya tsaya a nan. Mutumin nan ya riƙe maganar har ya mutu, ana ce masa wanda ya kasa gyaran Nguru, bai taɓa kare kansa ba. Ni ma na riƙe. Na yi fushi da Yaya a raina shekara guda cur, ina gaishe shi ina jin kamar in shaƙe shi. Daga baya fushin ya rasa inda zai zauna. Me zan ce ya yi? Ya kasa kallon sunan ƙaninsa ne. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa ba shi da zuciya, wanda ya biya muku makaranta yana ɗaure fuska don kada ku raina shi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya na je Gashuwa, inda ya koma da zama, duba shi. Ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta shige ciki. Ya sa matansa suka ba mu wuri, ya yi ta tambayar lafiyarku. Can sai ya ce har yau abin nan yana damunsa, wai me ya hana injin nan aiki ne? Na ce Allah ne bai nufa ba, Yaya. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Zulai, fuskarsa ta ɓace mini. Ina rufe ido in kira shi, hular kawai nake gani da kunnensa. Ke da kika yi ta kallonsa a injin nan, faɗa mini yadda yake."

Na gyara zama, na ce to. Na fara da cewa dogo ne, baƙi, ya ce wannan ya sani, fuskar yake so. Na rufe ido ni ma. Na ga rigar da yawu ya jiƙa, na ga tankin babur, na ga ƙayar kifi a tsakanin yatsunsa. Na ɗaga kai zuwa inda fuskar take, na jira. Yaya yana ta kallona yana jira, ni ma ina jira, har aka kira sallar la'asar.